An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Waya da Ajin Ɗan Talaka a Wudil

Daga wakilinmu na Wudil

Jama'a, ku matso kusa, yau da magana na zo, kuma ba zan rufe ta da zane ba. Akwai wani malami abokina da ke koyarwa a wata babbar sakandare ta gwamnati a nan ƙasar Wudil. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuwa zan faɗi sunan makarantar ba, domin mutum ne mai iyali, kuma kowa ya san yadda takardar canjin wurin aiki ta kan yi saurin fitowa in an ga dama.

Wannan bawan Allah ya duba ajinsa na 'yan shekarar ƙarshe, ya ga yara sun cika ɗaki maƙil, littafin karatu kuwa sai a haɗa kai biyar a kan guda. In ya ba da aikin gida, kafin ya gama duba littattafan har zangon karatu ya ƙare. Sai ya yi dabara. Ya buɗe zaure a WhatsApp, ya ce kowane yaro ya nemi izinin mahaifinsa, a sa lambar uba ko ta wa ko ta uwa. Bayan sallar isha'i ya kan aika da tambayoyi, yara su yi aiki a takarda, su ɗauki hotonsa su aiko, shi kuwa ya gyara da muryarsa kowa na ji. Kowane mako kuma ya kan ba mutum ɗaya jigon da zai yi rubutu a kai, sauran su karanta su yi masa gyara. Kuɗin data daga albashinsa ya ke fita. Ba wanda ya sa shi, ba kuwa wanda ya ce masa sannu.

Rannan jigon da ya bayar shi ne "Ajinmu". Yaron da abin ya faɗo a kansa ya rubuta abin da idonsa ke gani kullum: iska ta yaye rabin kwano, in hadari ya taso sai a tashi karatu, masu zama a ƙasa sun fi masu benci yawa. Ya haɗa da hoto. Wani ya ɗauki hoton ya kai Facebook. Kafin mako ya zagayo an kira malam ofis, an miƙa masa takardar neman ba'asi, an ce wa ya ba shi iznin haɗa yara da waya, an kuma umurce shi ya rufe zauren nan take. Ya rufe. Kwanon fa? Ranar da na bi ta wurin na ɗaga kai, sama na hango daga cikin aji.

To, ku gaya mini, wane ne mai laifi a nan? Malamin da ya ƙona kuɗinsa, ko yaron da ya faɗi gaskiya, ko wayar da ba ta da baki sai wanda aka ara mata? Wannan shi ne a bar jaki a daki taiki.

BAKI BIYU

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mahukuntanmu da baki biyu su ke magana. Da baki ɗaya su na cewa zamanin kwamfuta ne, kowa ya shirya. Da ɗayan su na cewa waya fitina ce, kada a gan ta kusa da makaranta.

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar shiga jami'a da takarda da fensir, ta mai da ita duka a kan kwamfuta. A shekarar 2024 hukumar WAEC ma ta fara gwada jarrabawar kwamfuta ga masu zana ta a kan kansu, watau waɗanda ba makaranta ce ta gabatar da su ba. Rajista ta intanet a ke yi, sakamako ta intanet a ke dubawa, takardar shiga jami'a ta intanet a ke cirowa. To, yaron Utai ko na Lajawa ko na Indabo, wanda ya shekara goma sha biyu a makaranta bai taɓa dafa madannin kwamfuta ba, ran jarrabawa a zaunar da shi gefen ɗan wani babba wanda tun yana rarrafe ya ke wasa da na'ura, a ce su yi tsere, agogo na tafiya. In ya faɗi a ce yaran Arewa ba su da ƙoƙari. Haba jama'a! Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma ku duba inda a ke wannan abin kunya. Wudil fa! Garin da ke da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda aka sake wa suna a 2022 ta koma Jami'ar Aliko Dangote. Garin da ke da makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda ta ƙasa baki ɗaya. Garin da tun zamanin Turawa aka san shi da horar da malaman makaranta. Daga nan zuwa birnin Kano tafiyar da ba ta kai mil talatin ba ce. In a gindin jami'ar fasaha yaro zai gama sakandare bai san yadda a ke neman ilmi a intanet ba, ina labarin na ƙauyen da ba a jin ƙarar mota?

Ku shiga kara ranar Jumma'a ku gani. Dillalin da bai taɓa zama a benci ba ya ɗauki hoton bijimi ya aika wa mai saye a Ikko, su yi ciniki da saƙon murya, kuɗi su shigo ta waya, a loda shanu a tirela. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 har mai sayar da tukwane ya koyi karɓar kuɗi ta waya. Masunci da mai ɗiban yashi a bakin kogi, kowa da tasa a aljihu. Kasuwa ta gane amfanin abin, gada ta gane, tasha ta gane. Wuri ɗaya ne kaɗai a garin nan aka ce haram ne a yi amfani da shi, shi ne wurin da aka gina domin neman sani.

DARASIN DA AKA ƘI ƊAUKA

Allah Ya nuna mana aya a 2020. A watan Maris aka rufe makarantu saboda annobar korona, a Kano ba a koma ba sai a watan Oktoba. Wata shida da ɗori. 'Ya'yan manya da ke makarantun kuɗi ba su yi asarar komai ba, malamansu na koya musu ta intanet suna kishingiɗe a falo. 'Ya'yan talakawa aka ce su saurari rediyo da talbijin. Ba na raina wannan ƙoƙari, da babu gara ba daɗi. Amma rediyo ba ya jin tambaya. Yaro ba zai ɗaga hannu ya ce wa akwati, "Malam, ban gane ba." Rediyo ba ya duba aikin gida.

Waɗanda su ka tsira da wani abu a cikin yaranmu su ne waɗanda Allah Ya haɗa da malami irin abokin nan nawa, mai tara yara a zauren waya don kansa. Haka kuma aka sake gani a jami'o'i lokacin yajin aikin malamai na 2020, da na 2022 wanda ya kai wata takwas: ɗalibai da yawa da zaurukan waya su ka riƙe karatunsu, wanda ya gane ya koya wa wanda bai gane ba.

Da masu hankali ne ke riƙe da ragama, da an koma makaranta sai a tara malaman nan a ce, ku nuna mana yadda ku ka yi, mu gyara shi, mu yi masa doka, mu biya kuɗinsa. Ina! Da aka buɗe ƙofa sai aka koma gidan jiya. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF sun ƙaddamar da wani rumbun darussa na intanet mai suna Nigeria Learning Passport, kyauta, da dubban darussa bisa manhajar ƙasa, har da na Hausa. Madalla. Amma ta wace ƙofa yaron Darki zai shiga rumbun, alhali an ce in aka kama shi da mabuɗin za a fasa shi da dutse a gaban taron safe?

HUJJARSU, DA AMSARMU

Kada a ce na ɓoye hujjar abokan gaba. Su kan ce waya na lalata tarbiyya, tana ɗauke hankalin yaro, tana kawo satar jarrabawa da batsa da zagin manya da yaɗa ƙarya. Su kan ce ai Turawan da su ka ƙera ta ma yanzu gudunta su ke yi.

Na yarda, kuma na fi su yarda, domin ni ma uba ne. Na ga yaron da ya kwana yana kallon raye-rayen TikTok ya zo aji yana gyangyaɗi. Gaskiya ne a 2018 Faransa ta hana yara riƙe waya a firamare da ƙaramar sakandare. Gaskiya ne a 2023 hukumar UNESCO ta fid da rahoto tana gargaɗin kada a shigar da na'ura aji sai in lalle za ta taimaki karatu, kuma kada ta maye gurbin malami. Gaskiya ne a 2024 Ostireliya ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a Facebook da TikTok da makamantansu, dokar ta fara aiki a Disamba 2025.

Amma masu kawo wannan hujja rabin labari su ke karantawa. Dokar Faransa ta bar ƙofa a buɗe in malami ne ya nemi a yi amfani da na'urar domin darasi. Dokar Ostireliya ba ta haɗa da WhatsApp ba, ba ta kuwa haɗa da dandalin karatu irin Google Classroom ba. Watau su sun bambance tsakanin yaro shi kaɗai da waya cikin dare, da yaro da waya a gaban malaminsa. Sa'an nan kuma yaron Faransa in an karɓe wayarsa a bakin ƙofa, ciki zai shiga ya tarar da laburare da littafi da ɗakin gwaje-gwaje da kwamfutar makaranta. Namu in an karɓe, me zai tarar? Allo da ya koɗe, da malamin da ya sayi alli da kuɗinsa. Mai ƙoshi in ya ce zai rage cin tuwo, magani ya ke yi. Mai yunwa in ya kwaikwaye shi, kashe kansa ya ke.

Ga kuma tambayar da ba su taɓa amsawa ba. In kun hana waya a makaranta, yaron ya daina ganinta ke nan? Ai tana nan a gida, tana shagon mai caji, tana hannun abokinsa a dandali. Abin da ku ka yi kawai shi ne kun cire malami daga tsakani. Kun bar yaro da wuƙa, kun kori wanda zai nuna masa inda kaifin ya ke. Wa zai koya masa cewa ba duk abin da aka turo ba ne gaskiya? Wa zai nuna masa yadda a ke gane hoton da aka haɗa, da muryar da aka kwaikwaya, da saƙon ɗan damfara mai cewa ka ci kyauta turo lambarka? Wa zai gaya masa cewa zagin da ya rubuta yau zai jira shi ranar neman aiki? Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Mu kuwa mun ce a bar shi ya bushe a karkace, sa'an nan a kai shi gaban alƙali.

ABIN DA SU KE TSORO

Ruwa ba ya tsami banza. Ni dai na daɗe da gane cewa ba tarbiyyar yaranmu ce ta hana waɗansu barci ba. Da ita ce, da ba su bar yara ɗari a ɗaki ɗaya ba, da ba su bar makarantar 'yan mata ba katanga ba banɗaki ba. Abin da su ke tsoro shi ne yaron da ya iya rubutu, ya kuma san inda zai kai rubutun jama'a su gani.

Ku tuna. A watan Yuni na 2021 Gwamnatin Tarayya ta rufe Twitter, wanda yanzu a ke kira X, bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa na lokacin. Ba a buɗe ba sai Janairu 2022, wata bakwai cur. A watan Yuli na 2022 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukunci cewa rufewar ta saɓa wa doka. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa samari biyu bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu, saboda wasan barkwancin da su ka yi a TikTok kan gwamnan lokacin. A cikin watan nan dai aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, maƙwabtanmu, aka kai shi Abuja saboda rubutun da ya yi kan matar shugaban ƙasa, ba a janye ƙarar ba sai da ɗalibai da jama'a su ka yi ca. Sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya zama sandar dukan 'yan jarida da masu rubutu, har aka yi masa kwaskwarima a 2024.

Ba na goyon bayan zagi, ba tarbiyyarmu ba ce. Amma ƙaramin ma'aikaci yana kallon abin da manya ke yi. In ya ga ana ɗaure mai rubutu a sama, shi ma sai ya tsorata da rubutu a ƙasa. Shi ya sa hoton kwanon da ya yaye ya fi kwanon kansa tayar da hankali a ofis. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Abin mamaki kuwa, a watan Yuni na 2024 Gwamnatin Kano da kanta ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi, gwamna ya tsaya gaban jama'a ya faɗi da bakinsa cewa miliyoyin yara a ƙasa su ke zama. To, in gwamna ya faɗa a ce jarumi ne, in yaro ya faɗa a ce marar kunya? Duk gwamnatin da da gaske ta ke son gyara, ai yaron nan ma'aikacinta ne na kyauta. Ya yi mata aikin da mai duba makarantu ya ke karɓar alawus bai yi ba.

BA YAU AKA FARA BA

Masu cewa wannan baƙon abu ne ba su san tarihinsu ba. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta ga matan karkara ba za su iya zuwa gabanta ba, sai ta naɗa jajis, ta ba su darasi cikin waƙa, su ka bi ƙauyuka suna kaiwa, su dawo mata da tambayoyi. Su ne 'Yan Taru. Mene ne wannan in ba kai ilmi inda ɗalibi ya ke ba, ta hanyar da ta fi sauri a zamanin? A makarantar allo kowane almajiri da allonsa, ya rubuta da hannunsa, ya kai gaban malam, a gyara 'yan'uwansa na ji. Abin da abokina ya yi a zaurensa ke nan, allon ne kawai ya sake kama.

Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, shafin wasiƙu ya zama makaranta, mutum ya ga sunansa da na garinsu a takarda ya ƙara himma. A zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, hukumar NORLA a Zariya ta riƙa buga ƙananan jaridun larduna, Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, domin an gane wanda ya koyi karatu in ba shi da abin karantawa game da garinsu, mantawa zai yi. Kakanninmu sun san mutum ba ya ƙwarewa a rubutu sai yana da mai karanta masa. Yaron da ya san malam kaɗai zai ga aikinsa, shi ma wataƙila ba zai duba ba, kwafa zai yi. Wanda ya san duk ajinsu da babansa da kawunsa na Legas za su gani, sai ya zauna ya tace.

Kuma kowace sabuwar hanya sai da aka tsorata talaka da ita. Da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909, da ma bayansa, sai aka bar mutane cikin ɗar-ɗar da boko. Waɗanda su ka shiga su ne su ka gaji kujeru, jikokinsu na kai har yau. Jikokin waɗanda aka tsorata su ne ke zaune a ƙasa. Yanzu a na so a sake yi mana irin ta jiya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

GARGAƊI GA 'YAN KWANGILA

Na san akwai masu karanta wannan suna lashe baki, suna cewa to madalla, a ba mu kwangilar sayo na'urori. Ku dakata. Ba kiranku na ke yi ba.

An gwada wannan. A 2007 an raba wa yaran wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa, aka yi ta ɗaukar hoto. A 2013 Jihar Osun ta raba wa 'yan sakandare allon na'ura mai suna Opon Imo. Ƙasar Peru ta sayi irin kwamfutocin farko ɗin nan dubu ɗari-ɗari, da masana na Bankin Raya Ƙasashen Amurka su ka auna a 2012 sai su ka tarar ba a samu ƙari a lissafi ko a karatun harshe ba. Dalili a fili ya ke: an sayi ƙarfe an manta da malami. Mu ma nan mun saba ganin ɗakin kwamfuta da aka yanke wa zare da kiɗa, aka rufe da kwaɗo, ƙura da ɓeraye su ka gaje shi, don ba wuta, ba mai koyarwa, shugaban makaranta kuma na tsoron a ce ta lalace a hannunsa. In wannan za a maimaita, tsugunne ba ta ƙare ba.

Na'urar da mu ke magana a kai tana nan a gidajen mutane tuni. Abin da ya rage shi ne izni, da horo, da wuta, da data.

ABIN DA MU KE NEMA

Na ɗaya, Ma'aikatar Ilmi ta Kano ta fid da doka a rubuce, wadda kowa zai gani, da ta yarda malamin babbar sakandare ya buɗe zauren aji da yardar iyaye. Shugaban makaranta ya kasance a ciki, wakilin iyaye ya kasance a ciki, a sa lokacin buɗewa da na rufewa, a haramta wa malami keɓewa da ɗalibi ko ɗaliba a saƙo. Yaran firamare a bar su da allo da littafi, ba da su mu ke ba.

Na biyu, kowace babbar sakandare ta mallaki shafinta a intanet, a ƙarƙashin kulawar malami, inda yara za su riƙa buga rubutunsu da Hausa da Turanci. Jigo ba ya ƙarewa a Wudil: farashin shanu a kara daga Jumma'a zuwa Jumma'a darasin lissafi ne, hawa da saukar ruwan kogi darasin labarin ƙasa ne, hira da tsohon maginin tukwane darasin tarihi ne. Facebook na da Hausa tun 2016, Wikipedia na da sashen Hausa da ke neman masu rubutu. Don me baƙo zai rubuta labarin garinmu alhali ga 'ya'yanmu?

Na uku, kada a bar wanda gidansu ba waya a baya, musamman 'yan mata, waɗanda su a ke fara hanawa. Makaranta ta ajiye 'yan wayoyi ko kwamfutoci na aro, a yi aiki rukuni-rukuni, a kafa sola ta caji. Duk aikin da aka bayar ta waya a rubuta shi a allo.

Na huɗu, a daina barin malami da kuɗin data. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi hamsin cikin ɗari. Akwai asusun da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa musamman domin kai sadarwa inda ba ta kai ba. Akwai kuɗin hukumar UBEC da doka ta ware tun 2004. 'Yan majalisarmu na tarayya da na jiha su tashi su tambayo mana rabon Wudil, su karanta mana amsar a bainar jama'a.

Na biyar, jami'ar da ke garin nan ta biya bashin maƙwabtaka. Ɗalibanta masu karatun kwamfuta da na koyarwa su riƙa fita makarantun Achika da Dagumawa da Kausani, su horar da malamai, a sa musu shi cikin makin karatunsu. Jami'ar da haskenta bai wuce katangarta ba, fitila ce a cikin tulu.

Na shida, a janye takardar da aka ba abokina da duk irinta. Malamin da ɗalibinsa ya faɗi gaskiya game da ajinsu, yabo ya kamata, ba tuhuma ba.

KU IYAYE, KU MALAMAI

Ya ku iyaye, kada ku yarda a yi muku wayo. Duk wanda ya hau mumbarin taro ya ce muku waya ce ta lalata ilmi, ku tambaye shi a wace makaranta 'ya'yansa su ke, kuma da me su ke aikin gida. Ku je taron iyaye da malamai, ku nemi a buɗe zauren aji, ku shiga ciki da kanku ku sa ido. Tarbiyya ba ta samuwa da rufe ido, sai da tsayawa a kai.

Ya ku malamai, na san albashi ba ya kai wata, na san an mai da ku abin tausayi. Amma ku ne kaɗai ku ka rage tsakanin yaran nan da duhu. Ku haɗa kai, ku kai maganar ga ƙungiyarku, domin tsintsiya ɗaure ta ke shara. In an tuhumi ɗaya, ku tsaya a bayansa.

Ku kuma mahukunta, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Zaure kun rufe, amma yaron nan ya riga ya ɗanɗana daɗin a karanta rubutunsa, kuma irinsa na nan da yawa daga Wudil har Gaya. Ko ku koya musu rubutu da ladabi a gaban malami, ko su koya a bakin tasha ba da ladabi ba. Zaɓi na gare ku. Amma kafin nan, don girman Allah, ku aiko da kafinta. Damina ba ta jiran amsar takarda.

Allah Ya sa mu dace, amin.